Wanda ya fi zuba kuɗi ba lallai ne ya fi cin riba ba

An daɗe ana ɗauka cewa idan mutum biyu suka haɗa hannu su gina gidajen sayarwa, wanda ya kawo fili ko ya fi zuba jari shi ke da kaso mafi tsoka, kuma in rigima ta tashi yana iya sallamar ɗayan. A dokoki da dama ba haka abin yake ba.

Dokar tarayyar kasuwanci ta Ingila ta 1890, wadda ƙasashe da yawa suka gaji tsarinta, ta ce a sashe na 24 in babu wata yarjejeniya tsakaninsu, raba daidai ake yi wa riba da asara, ko da ɗaya ne ya kawo yawancin jarin. Sashe na 25 kuma ya hana masu rinjaye korar abokin tarayya, sai in an amince da hakan ƙarara tun farko.

Filin ma, da zarar an shigar da shi cikin jarin, yana iya zama dukiyar tarayya ko da sunan mutum ɗaya ke kan takardarsa. Nan ne mai fili kan sha mamaki a gaban alƙali, alhali an riga an kai gini linta.