Ɗaliban injiniyan lantarki, ga amsoshinku, ku bar ni in yi barci

Shekara da shekaru ina karɓar ɗaliban SIWES, wato masu zuwa koyon aiki daga makaranta, a shagona a nan Katsina, kuma tambayoyin nan ba sa canjawa. Na rubuta su ne don bakina ya huta.

Shekara nawa karatun yake ɗauka?

Biyar a jami'a. A foliteknik, kamar Hassan Usman Katsina, ND shekara 2, shekara ɗaya ta koyon aiki, sannan HND shekara 2. Wannan ma sai an kira ni ƙarfe goma sha ɗaya na dare?

Makina yana da kyau, kamfanonin wutar lantarki irin su KEDCO ko TCN za su ɗauke ni?

Maki zai kai takardarka kan tebur, shi ke nan aikinsa. Bara na miƙa wa wani ɗan aji huɗu mita, na ce auna mini soket ɗin can. Ya bar ta a kan ma'aunin amfiya maimakon na bolt ya cusa, tas! fis ya tafi. Lissafin transfoma kuwa yana kansa tsaf. Yaro, koyi riƙe fulaya tukuna.

Yaushe zan fara rubuta "Injiniya" a gaban sunana?

Ranar da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta yi maka rajista. Kafin nan, Inna ta kira ka da shi a tsakar gida, babu laifi.

Maƙwabcinmu ya ce in haɗa masa sola, in karɓa ko in ƙi?

To, a nan sai mu zauna. Ba zan ce ka ƙi ba, don da irin wannan aikin muka fara, amma ya danganta da abin da zai ɗora mata. In ƙwan fitila ne da fanka biyu da cajin waya, kuma ka taɓa yin aikin a ƙarƙashin wani, bismilla. Sai dai ka yi lissafi a gabansa. Batir mai 200Ah da 12V yana riƙe 2,400Wh a takarda, amma in na ruwa ne, kusan rabi kawai za ka ci in kana so ya yi ƙarko. Fanka biyu masu cin 75W kowacce za su lashe rabin nan cikin awa 8, ban da abin da inbata ke sha. Alhaji kuwa ba zai ambaci firji ba sai ka gama, kuma firji yana fizgar wuta ninki-ninki lokacin tashi. Ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe faranti, ga zafin Afrilu da ke gajiyar da batir. In zai haɗa da layin nefa kuma, ka nemi babba ya duba maka canjin layin, domin in ka mayar da wuta kan falwaya, wani bawan Allah ne a sama yana gyara. Ko da komai ya yi daidai, ka rubuta abin da kuka yi yarjejeniya, ya sa hannu. Na ga zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan batir ɗaya.

Ni mace ce, akwai wurina a wannan fanni?

Akwai, 'yata, kwantar da hankalinki. Wadda ta fi kowa tsaftar haɗa allon rarraba wuta a shagona mace ce 'yar Daura. Har lakabi take manna wa kowace waya.

Wace manhaja zan fara koya?

AutoCAD don zanen wayarin, MATLAB don darasi. Ka zo da takalmi mai rufi ranar Litinin, ban karɓar mai silifas.