Waiwaye: Dukiya, Sarauta da Iko a Arewacin Kamaru

Idan kakar auduga ta kama, manomin karkarar Garwa yakan kai kayansa ma'auni, mai saye kuma kamfanin SODECOTON ne, wanda aka kafa a 1974. Farashi an yanke shi tun kafin shuka, bashin taki da maganin feshi kuma a nan ake cire shi. Abin da ya rage shi ne ladan wahalar damina guda. Wannan ma'auni ya isa a ɗora masa muhawarar da masana zamantakewa suka kwashe fiye da shekara 150 suna yi: me ke raba mutane aji-aji, wa kuma ke riƙe da iko?

Karl Marx da abokinsa Engels sun ba da amsarsu a 1848. A ganinsu tarihin ɗan Adam kokawa ce tsakanin masu mallakar gona da masana'anta da jari, da waɗanda ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu. Riba gumin ma'aikaci ne da ba a biya ba, gwamnati kuma mai gadin masu dukiya ce. Kalmomin ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe, don tun 1950 jam'iyyar NEPU a Kano ta yi siyasarta a kan talaka da masu sarauta. Sai dai Marx leburan masana'antar Ingila ya sa a gaba. Manominmu ba albashi yake karɓa ba, kuma a wurare da yawa gonar da yake nomawa ta hannun jauro da lawan, wato masu sarautar ƙauyuka, ya same ta, zakkar amfanin gona kuma fada take nufa.

A nan ne Max Weber, Bajamushen da ya rasu a 1920, ya fi kusa da mu. Ya ce dukiya daban, daraja daban, iko daban, shi ya sa alhajin da ke da tireloli goma zai tuɓe takalmi a ƙofar fada ya durƙusa. Ya kuma kasa dalilan biyayya uku: kwarjinin jagora, gadon gargajiya, da dokar ofis. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dukansu uku sun ratsa fadojinmu ɗaya bayan ɗaya. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu wajen 1809, mutane suka bi shi don ilimi da addini. Bayan zamanin masu tuta, lamiɗanci a Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba ya zama gadon gida. Jamusawa suka ci ƙasar da yaƙi, Faransawa suka gaje su daga 1916, duka biyun kuma da hannun lamiɗo suka karɓi haraji. Dokar da gwamnatin Kamaru ta yi a 1977 ta ƙarasa aikin: ta kasa sarakuna daraja uku, ta mai da su mataimakan hukuma.

Ralf Dahrendorf, wani masanin zamantakewa haifaffen Jamus, ya zo a ƙarshen shekarun 1950 ya ce a zamanin yau layin rikici yana tsakanin mai ba da umarni da mai bi, ko da mai umarnin bai mallaki komai ba. Ahmadu Ahijo shaida ne. Ma'aikacin gidan waya ne daga Garwa, ya zama shugaban ƙasa a 1960, kuma kujerar ce ta ɗaga wasu gidajen arewa. Da ya miƙa wa Paul Biya mulki a 1982, aka raba lardin Arewa uku a 1983, juyin mulkin Afrilun 1984 kuma ya ci tura, da yawa suka ga yadda arzikin da ya zo ta ofis yake tafiya ta ofis. Bafaranshe Jean-François Bayart ya kira wannan siyasar ciki a 1989, sunan kuwa a bakin 'yan Kamaru ya tsince shi, masu cewa akuya inda aka ɗaure ta nan take kiwo.

Duk da haka ban yarda a jefar da Marx ba, kuma abin da ya faru a Logone-Birni, can ƙuryar arewacin Kamaru a bakin iyakar Cadi, a 2021 ne dalilina. An kashe mutane, dubban iyalai sun haye kogi zuwa Cadi, labarai suka ce faɗan ƙabila ne tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum. Amma tushen maganar ruwa ne: masunta sun haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanun makiyaya suna faɗawa ciki. Wa ke da ruwan, wa ke da fadamar, tambayar Marx ce wannan. Wa zai raba gardamar a saurare shi, sarki ko ɗan ofis, wannan ta Weber ce. Sulhun da aka yi bayan rikicin watan Agusta bai kai ƙarshen shekara ba, a Disamba wuta ta sake tashi har ta kai birnin Kousseri.