Waiwaye: Daga Zauren Janiba Zuwa Kantin Kwari

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ya ga dilolin atamfa da shadda 'yan Sin jibge har rufi, to ya ga sakamakon zaman da aka yi nesa da Kano, ko da labarin bai taɓa zuwa kunnensa ba.

Abin ya faro ne a 1947, lokacin da ƙasashe 23 suka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ta GATT a birnin Janiba na Suwizalan don rage kuɗin fito a tsakaninsu. Najeriya ta shiga a 1960. Tattaunawar da aka buɗe a Yurugwai a 1986 ita ce ta haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ranar 1 ga Janairun 1995. Sin ta shigo a ƙarshen 2001, a 2005 kuma aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasa za ta iya kaiwa manyan kasuwanni. A cikin waɗannan shekaru masaƙun Sharaɗa da Challawa da Bompai suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Ban ce laifin WTO ne kaɗai ba. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri namu ne, mu muka sake.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne Doha. A watan Nuwamban 2001 aka buɗe wannan zagaye na tattaunawar WTO a Doha, babban birnin Qatar, da sunan ci gaban ƙasashe masu tasowa, aka ce a wannan karon za a taɓa tallafin da Amurka da Turai ke ɗura wa manomansu. A taron WTO na 2003 a birnin Kankun na Meziko, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka miƙe kan auduga. Kukansu a fili yake: manomin da gwamnati ke cike masa giɓi zai iya karyar da farashi, wanda ke noma da garma a Sahel kuwa sai ya kwana da asara. Taron ya watse ba a daidaita ba. A 2008 aka sake zama a Janiba, Indiya da Amurka suka ja daga kan kare ƙananan manoma daga kwararar kayan abinci, aka tashi baram-baram. Tun daga nan Doha ba ta sake miƙewa ba.

Ƙa'idar zauren WTO ita ce sai kowa ya yarda. Mambobi 166 ne yanzu, ɗaya ya ce a'a an tsaya. Ga kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina aiki tun Disamban 2019, saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ƙasa irin tamu, domin mai ƙarfi ba ya buƙatar alƙali, mu ne muke buƙata. Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta karɓi shugabanci a Maris 2021, ta samo yarjejeniya kan tallafin kamun kifi a 2022, amma maganar noma tana nan inda aka bar ta.

Shi ya sa ido ya koma kan kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka ƙulla a Kigali a 2018. Najeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, wata guda bayan haka ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. 'Yan Dawanau masu lodin hatsi zuwa Maraɗi da Damagaram ba su manta da waɗannan watanni ba.