Saitunan Pacemaker da Corosync

Pacemaker da Corosync manhajoji biyu ne na kyauta da ake haɗawa a kan Linux domin tafiyar da gungun sabobi, wato kwamfutoci biyu ko fiye da ke riƙe da aiki ɗaya, ta yadda in ɗaya ta mutu wata za ta karɓa ba sai an taso ma'aikaci daga barci ba. Corosync ce ke sanin waɗanne na'urori ne ke raye a cikin gungun, ita ce kuma ke kai saƙo tsakaninsu. Pacemaker kuwa ita ke yanke hukuncin inda kowace hidima, wato shirin da ke yi wa masu amfani aiki kamar rumbun bayanai, za ta gudana. Saitunansu dokoki ne da mai kula da gungun ke rubutawa tun kafin matsala ta zo, kuma mafi yawansu amsa ce ga tambaya guda: in na'ura ta yi shiru, mutuwa ta yi ko kuwa hanya ce kawai ta yanke tsakaninta da 'yan'uwanta?

Da kaso ake auna samuwar hidima, wato yawan lokacin da take aiki ba tsayawa. Kashi 99.9 cikin 100 na nufin tsayawar kusan awa 8 da minti 46 a shekara, kashi 99.999 kuma minti 5 ne da 'yan daƙiƙoƙi.

Tarihi

Tushen abin aikin Linux-HA ne, wanda ya kankama a ƙarshen shekarun 1990. Alan Robertson ne ya rubuta manhajarsa ta farko, Heartbeat, wajen 1998 ko 1999. Sunan na nufin bugun zuciya, domin kowace na'ura tana aika wa 'yar'uwarta ɗan gajeren saƙo a kai a kai don ta san tana nan. Fayiloli uku ne kacal ke ɗauke da saitin. A cikin ha.cf ake rubuta tazarar bugun, da tsawon shirun da za a jure kafin a ce na'ura ta mutu, da hanyar da saƙon zai bi. A wancan zamani har da wayar siriyal ake ja kai tsaye daga bayan wannan kwamfuta zuwa bayan waccan. Fayil ɗin authkeys na riƙe da mabuɗin sirri. Shi kuwa haresources sau da yawa layi ɗaya ne: sunan na'urar da aka fi so, sai adireshin IP, sai jerin hidimomi. Mutum zai iya karanta saitin gungu gaba ɗaya cikin minti biyu, kuma wannan sauƙi ne ya sa aka daɗe ana amfani da Heartbeat har bayan magadanta sun bayyana.

Amma tana da iyaka biyu masu nauyi. Ba ta wuce na'ura biyu, kuma na'urar take kallo, ba hidimar ba. In rumbun bayanai ya faɗi alhali kwamfutar na ci gaba da bugawa, a wajen Heartbeat lafiya lau ake.

Don cike wannan giɓi ne Andrew Beekhof, ɗan Ostareliya da ke aiki da kamfanin SUSE, ya fara rubuta sabon mai sarrafa hidimomi wajen 2003 zuwa 2004. Ya fito a cikin Heartbeat 2.0 a 2005, kuma da shi ne saiti ya tashi daga gajerun layuka ya koma XML, wani tsarin rubuta bayanai da alamomi. A ƙarshen 2007 aka ware shi ya zama aiki mai cin gashin kansa, aka raɗa masa suna Pacemaker, sunan na'urar da likitoci ke dasawa don daidaita bugun zuciya. Fitowa ta 1.0 ta zo a 2008.

Corosync ta wata hanyar ta biyo. An ciro ta ne daga OpenAIS, wani aikin manhajar gungu da Steven Dake ya jagoranta, aka sanar da ita a 2008. Tsarin Totem da take amfani da shi wajen kai saƙo ya girme ta, domin a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara aka tsara shi a shekarun 1990. Shekaru da dama Red Hat, wani kamfanin Linux, tana da nata kayan daban, cman da rgmanager, masu fayil ɗin cluster.conf, sai a RHEL 7 ta 2014, wato fitowa ta 7 ta Linux ɗinta, ta koma kan Pacemaker da Corosync gaba ɗaya. Pacemaker 2.0 da Corosync 3.0 duk a 2018 suka fito, Pacemaker 3.0 kuma a farkon 2025. Ana raya su duka a ƙarƙashin inuwar ClusterLabs, taron masu haɓaka manhajojin gungu.

Fayil ɗin corosync.conf

Wannan fayil na saitin Corosync yana zaune a /etc/corosync, kuma dole kowace na'ura ta riƙe kwafi iri ɗaya. Manyan sassansa su ne totem, nodelist, quorum da logging. A tsarin Totem na'urorin suna yin da'ira, wata alama tana zagayawa tsakaninsu kamar sandar tseren miƙa-miƙa, wadda alamar ke hannunta ita ke da damar magana. Saitin token shi ne tsawon lokacin da za a jira alamar kafin a ce ta ɓata. A Corosync 2 milisakan 1000 ne in ba a taɓa shi ba, daga fitowa ta 3.1 aka ɗaga shi zuwa 3000. A yawancin fitowa ana ƙara milisakan 650 a kan kowace na'ura da ta haura biyu, don haka gungu mai na'ura biyar da token ɗinsa yake 3000 zai jira milisakan 4950. In aka gajarta shi da yawa, ɗan cunkoson hanya ma sai ya sa a kori na'ura mai lafiya. In aka tsawaita, masu amfani da hidimar su ne za su zauna jira. Saƙonnin na bi ta UDP, wata ƙa'idar aika saƙo tsakanin kwamfutoci, galibi a ƙofa ta 5405, kuma Kronosnet, tsarin jigilar saƙo da ya zo da Corosync 3, yana ɗaukar hanyoyi har takwas, in ɗaya ta yanke a bi wata.

Ƙuri'a da rinjaye

Kowace na'ura na da ƙuri'a ɗaya, kuma ɓangaren da ya tara fiye da rabi ne ke da ikon ci gaba da aiki: biyu cikin uku, uku cikin biyar. Abin da marasa rinjaye za su yi yana cikin saitin no-quorum-policy. Asalinsa stop ne, wato su sauke duk hidimomin da ke hannunsu. Akwai freeze, su riƙe abin da suke da shi amma kada su karɓi sabo, akwai kuma ignore, su yi kamar ba abin da ya faru.

Gungu mai na'ura biyu shi ne mai wuyar sha'ani, domin fiye da rabin biyu biyu ne. Saitin two_node yana barin guda ɗaya ta ci gaba ita kaɗai, kuma yana kunna wait_for_all, wanda ke hana gungun da aka tayar daga kashe fara aiki sai na'urorin sun ga juna ko sau ɗaya. Wata mafitar ita ce a ajiye ƙaramar na'ura ta uku mai gudanar da qnetd, ba ta ɗaukar hidima, ƙuri'ar raba gardama kawai take bayarwa.

Killacewa

A ɗauki sabobi biyu masu faifai ɗaya a tsakaninsu. Wani ya tuntuɓe wayar da ke haɗa su. Kowace ta ji shiru, kowace ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, sai duk biyun suka ɗora faifan suka shiga rubutu a kansa. Tsarin fayil irin ext4 ba a gina shi don marubuta biyu ba, cikin ɗan lokaci bayanan sun dagule, kuma gyaransu ya fi tsayawar awa guda ciwo nesa ba kusa ba. Wannan rabuwar kai ita ce babban abin tsoro a fannin.

Maganinta shi ne kada a yi zato: kafin a karɓi aikin na'urar da ta yi shiru, a tabbatar an kashe ta. Wannan ita ce killacewa, ana kuma kiran ta STONITH, taƙaicen wata jimlar Turanci mai nufin a harbe ɗaya na'urar a ka. Ana yin sa ta katin kula da saba na IPMI, ko ta soket mai yanke wuta daga nesa, ko ta SBD, inda ake ajiye wa na'ura saƙon kisa a kan faifan haɗaka, agogon tsaro na cikinta kuma ya sake tayar da ita in ta daskare. Saitin stonith-enabled a kunne yake zuwa, stonith-action kuma reboot ne. A gungun na'ura biyu kowace na iya kai wa ɗayar hari a lokaci guda su mutu tare, shi ya sa ake sa wa ɗaya jinkiri da pcmk_delay_base, ko a yi amfani da priority-fencing-delay don a fifita wadda ke riƙe da hidima.

Wasu kan kashe killacewa don sauƙin gwaji. Red Hat da SUSE ba sa ba da tallafi ga gungun da ba shi da ita.

Hidimomi da maki

Saitin Pacemaker na cikin CIB, kundin XML da manhajar da kanta ke rarraba wa na'urori, kuma ba a gyara fayil ɗinsa da hannu. Kowace hidima tana da wakili, ƙaramin shiri da ya san yadda ake tayar da ita, da tsayar da ita, da duba lafiyarta. A ƙa'idar OCF da ake bi wajen rubuta wakilai, wakilin da ya dawo da 0 yana cewa lafiya, 7 kuma hidimar ba ta gudana. Ƙa'idojin wuri iri uku ne: location na faɗin na'urar da hidima ta fi so, colocation na faɗin waɗanda za su zauna tare, order na faɗin wadda za ta riga tashi, misali faifai kafin rumbun bayanai.

Duk da maki ake lissafa su. Maki mafi girma, INFINITY, daidai yake da 1,000,000 kuma yana nufin “dole”, -INFINITY kuma “haram”; in “dole” ta haɗu da “haram”, haram ce ke cin nasara. Idan hidima ta fi son saba ta farko da maki 50, amma resource-stickiness ɗinta, wato makin manne wa inda take, 100 ne, to bayan ta yi ƙaura zuwa ta biyu can za ta zauna ko da ta farkon ta farfaɗo, an huta da tsayawa karo na biyu ke nan. Saitin migration-threshold na ƙayyade sau nawa hidima za ta faɗi kafin a ɗauke ta daga na'ura. Wadda ta ƙi tsayuwa da aka umarce ta kuwa, na'urarta ake killacewa.

Kayan aiki

Da shirin crmsh ko na pcs ake rubuta saitin Pacemaker, na farko a ɓangaren SUSE, na biyu a ɓangaren Red Hat. An yi saɓani kan wanda ya fi. CIB ɗaya suke rubutawa. Kafin gyaran hannu a kan saba mai aiki ana kunna maintenance-mode, don gungun ya daina tayarwa da tsayarwa har a gama.