Ƙididdiga da Lissafin Yiwuwa

Ƙididdiga fanni ne na ilimin lissafi da ya shafi tattara bayanai, da tsara su, da fitar da ma'ana daga cikinsu, shi kuwa lissafin yiwuwa aikinsa auna ƙarfin tsammanin faruwar abin da ba a da tabbas a kansa. Akan koyar da su tare a makarantun sakandare saboda mai bincike ba kasafai yake iya bin kowa da kowa ba, sai dai ya ɗebi samfuri daga cikin jama'a, kuma lissafin yiwuwa ne ke nuna masa iyakar yardar da ya kamata ya yi da sakamakon.

Abin da ɗalibi ke fara koya shi ne taƙaita tarin lambobi da lamba guda. A ɗauka ɗalibai biyar sun karanta littattafai 4, 5, 5, 6 da 30 a cikin shekara. Idan aka tara su aka raba gida biyar za a sami 10, wato matsakaici. Idan kuma aka jera su daga ƙarami zuwa babba, lambar tsakiya ita ce 5, kuma 5 ɗin ce ta fi yawan fitowa. Huɗu daga cikin ɗaliban ba su ko kusanci 10 ba, mutum guda ne ya ja matsakaicin sama shi kaɗai. Shi ya sa a bayanan da ke da lambar da ta yi fice da yawa, irin su kuɗin shigar jama'a, lambar tsakiya ta fi faɗin gaskiya. Tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta, 26 a nan, tana nuna yadda bayanan suka bazu.

Yiwuwa kuwa lamba ce daga 0 zuwa 1: sifili na nufin abu ba zai faru ba, ɗaya na nufin lallai zai faru. Inda duk sakamako ke da dama daidai wa daida, sai a raba adadin waɗanda ake nema da adadin dukkansu. Ɗan ludo yana da fuska shida, saboda haka yiwuwar samun 3 ita ce 1/6. Idan aka jefa biyu, hanyoyi 36 ne za su iya faɗuwa, shida daga ciki suna ba da jimillar 7, guda ɗaya tak ke ba da 12. Abubuwan da faruwar ɗaya ba ta shafar ɗayan ninka yiwuwarsu ake yi, don haka yiwuwar samun wata fuska da aka zaɓa sau biyu a jere idan aka jefa tsabar kuɗi shi ne 1/2 sau 1/2, wato 1/4.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su zaci idan fuska ɗaya ta fito sau biyar a jere to dole ɗayar ta biyo baya. Tsaba ba ta tuna jifan baya, dama tana nan rabi da rabi. Abin da masanin lissafi Jacob Bernoulli ya tabbatar, a aikinsa da aka buga a 1713 bayan rasuwarsa, shi ne idan gwaji ya yi yawa sosai kason fitowar fuskar yakan kusanci rabi.

Tushen fannin yana cikin wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat na Faransa suka yi musaya a 1654, kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya tsaya kafin a kammala shi. Ƙa'idojin da ake gina darasin a kansu a yau Andrey Kolmogorov na Rasha ne ya shimfiɗa su a 1933.