Zamba cikin aminci: sunan da ake laƙa wa bashi don a kai shi caji ofis

Kwanan nan da wuya a rufe labaran yamma a rediyo ba a ji an gurfanar da wani "bisa zargin zamba cikin aminci" ba. 'Yan siyasa ma sun ara, duk kansilan da ya sauya sheƙa ya yi zamba cikin aminci. Wannan bai dame ni ba, bakinsu ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kalmar ta zama makullin ƙofar caji ofis. Mutum yana bin ka kuɗi, ko kuna jayayya kan iyakar gona, ya san in ya ce bashi ko iyaka za a tura shi kotu, sai ya ce zamba cikin aminci, kafin la'asar kana bayan kanta ba hula ba takalmi.

Laifin yana nan a doka. A kundin dokokin laifuka na Final Kod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, sashe na 311 ne ya bayyana shi, na 312 kuma ya ce ɗaurin zai iya kai shekara bakwai. Sai dai yana da sharuɗɗa: an damƙa maka dukiya, dukiyar tana nan a matsayin ta mai ita, kai kuma ka karkatar da ita da gangan cikin rashin gaskiya. Aminci da amana da imani duk tushensu ɗaya a Larabci, kuma amana ita ce abin da ke hannunka alhali ba naka ba ne. A wannan gaɓar mutane ke ɓacewa.

Mu ɗauki sa guda. Wani Alhaji a Daura ya sayi sa a kasuwar Mai'aduwa, ya kai wa wani saurayi a ƙauye ya turke masa zuwa babbar salla, yana aika kuɗin dusa da harawa. Saurayi ya sayar da sa, ya sayi babur, ya ce ai ya mutu. Wannan zamba cikin aminci ce ba tantama, domin san Alhaji ne tun daga ƙaho har wutsiya, igiya kawai saurayin ke riƙe da ita.

To a ce ba haka aka yi ba. Alhaji ya ranta masa kuɗi ne ya sayi nasa san, a kan zai biya bayan salla. Sa ya kwanta ciwo aka yanka da gaggawa, mahauta suka saya a wulaƙance, salla ta wuce ba kuɗi. Alhaji zai ji a ransa an ci amanarsa, kuma ban hana shi jin haka ba, amma a doka tun lokacin da kuɗin suka shiga aljihun saurayin sun zama nasa, abin da ya rage a wuyansa bashi ne. Ba ka cin amanar abin da yake naka. Ko da babur ya saya da kuɗin, ya saɓa alkawari, ya zama mutumin banza, amma maganarsa ta alƙalin da ke raba hakki ce, shi zai tilasta masa biya, in ta kama a sayar da babur ɗin.

Abin dariyar shi ne mai cewa amana yana rage wa kansa ƙarfi ne bai sani ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji babin ajiya: in ajiya ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, ba ya biya. Bashi kuwa ko gobara ce ta cinye shi sai an biya. Ga shi kana da hujjar da ba ta mutuwa, ka tafi kana neman wadda ɓarawon dare ɗaya zai iya rushewa. Haka jari: in Alhaji ya ba da kuɗi a yi kiwo a raba riba, aka faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗin tasa ce, ta saurayin ita ce wahalar wata huɗu da ya yi yana yankan ciyawa. Sai fa in tun farko babu niyyar kiwon, ya kai Alhaji gidan maƙwabci ya nuna masa san wani ya ce nasa ne. Wannan damfara ce, tana da sashenta daban, na 320, kuma abin da ake dubawa a cikinta niyyar ranar farko ce, ba abin da ya faru daga baya ba.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara a sashe na 32 cewa ba a kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rikicin hakki tsakanin mutum da mutum, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta faɗi haka a sashe na 8. Manyan kotuna sun sha nanata cewa ɗan sanda ba ɗan karɓar bashi ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ma ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba damar neman diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, kuma wanda ya kitsa ƙarar yana iya samun kansa cikin masu biya.

A harkar ƙasa abin ya fi muni. Bara da damina ta faɗi na raka wani kawuna caji ofis. Gonarsa na haɗe da ta ɗan wansa, gadon kaka ɗaya, iyakar kuwa layin gamba ne da kututturen aduwa. Mai garmar shanu ya wuce gambar da kunya biyu, sai ɗan ya kai ƙara cewa an shiga masa gona kuma an yi masa zamba cikin aminci. Wace amana aka damƙa, oho. Dattijo mai furfura ya wuni kan benci riƙe da carbi, duk tambayar da aka yi masa amsarsa ɗaya: "Yallaɓai, tun mahaifina na da rai nake noma wurin nan." Shi kuma ɗan yana cewa, "Baba, ka ji tsoron Allah, aduwar nan a tawa take." Sai dab da magariba wani babba ya leƙo, ya saurara minti biyar, ya ce wannan ba tasu ba ce, su tafi wurin alƙali.

Gaskiya ya faɗa. Laifin shiga wurin wani, sashe na 342 na Final Kod, yana buƙatar a shiga wurin da ke hannun wani da nufin aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko tsokana. Wanda ya shiga yana ganin da zuciya ɗaya nasa ne, ba ya cikin wannan, ko da daga baya ta bayyana ya yi kuskure. Tambayar "na wane ne" ba ta mai gabatar da ƙara ba ce. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ce filin da ke da takardar gwamna Babbar Kotu ce ke sauraron rikicinsa, gonar gargajiya kuma tana iya zuwa ƙananan kotuna, waɗanda a nan Katsina kotunan shari'ar Musulunci ne, inda ake raba gado kuma ake duba hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum mai shi yana gani bai yi magana ba. Can hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa, a kira dagaci da maƙwabtan gona huɗu, wani lokaci alƙali ya taka har wurin.

Ba ina cewa ƙasa ba ta kai mutum kurkuku ba. Dillalin da ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ya karɓi kuɗin duka, da mai buga takardar bogi, da mai rushe katangar wani da dare, da wanda ya zare adda a bakin iyaka, duk na 'yan sanda ne. Amma ko an ɗaure dillalin, hukuncin bai faɗi wanda zai gina fulotin cikin mutum biyun ba, sai sun sake buɗe wata shari'ar.

Na san dalilin da ya sa mutane ke bin gajeriyar hanya. Shari'ar hakki tana da ɗage-ɗage da kuɗin mota, kwana ɗaya a bayan kanta kuwa yana sa dangi su yi karo-karo kafin gari ya waye, ba don sun yarda da bashin ba, don kunya. Ɗan wan kawuna ma abin da ya so ke nan. Bai kai ƙara gaban alƙali ba har yau, kawu kuma ya ce shi ba zai kai ɗansa kotu ba. Ba sa gaisawa ko a masallacin Juma'a, kunyoyin nan biyu kuwa bana ba wanda ya shuka su, tafasa ce ta rufe su.