Mota tana rawa a silo kuma ba ta ja: daga ina ake fara bincike?

Duk mai hawa motar hannu a Jos, 'yar Beljiyam ce ko wadda ta riga ta zaga hannu uku a nan gida, ya san waɗannan ƙorafe-ƙorafe biyu: mota tana karkarwa idan ta tsaya, sannan ka taka totur ta ƙi ja. Galibi tare suke zuwa, don tushensu ɗaya ne. Inji yana buƙatar iska, da mai, da wutar filogi, da matsi a cikin silinda, kuma duk wanda ya gaza cikin huɗun nan, to za ka ji a jikin mota.

Yaya zan gane matsala ce, ba tsufa kawai ba?

Dubi allurar gudun inji. A yawancin motocin fetur, idan inji ya ɗauki zafi kuma mota tana tsaye, allurar kan tsaya cik tsakanin juyi 600 da 800 a minti ɗaya. Da asuba a sanyin Disamba za ta iya hawa 1,200 ko fiye, ta sauko a hankali bayan 'yan mintoci. Wannan ba komai ba ne. Abin damuwa shi ne allura ta riƙa hawa da sauka da kanta, salansa tana fut-fut, ko mota ta mutu a cunkoson Terminus da zarar ka kunna esi.

Idan kuma allura tana tsaye lafiya amma sitiyari da kujera suna girgiza, musamman a giyar D, suna lafawa idan ka mayar N, a fara duba robobin da inji ke zaune a kai. Da yawa an canza musu filogi da koyil, wato abin da ke ba filogi wuta, alhali roba ce ta tsage.

A Legas motar tana ja kamar me, da na hawo da ita Jos ta yi sanyi. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 daga saman teku, kuma iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Ke nan motar da aka gwada a Legas ko Kwatano ta bar fiye da kashi 10 na ƙarfinta a hanya kafin ta iso Bukuru, kuma babu bakaniken da zai dawo maka da shi. Tsofaffin motoci masu kafireta sun fi jin abin, don mai yakan yi musu yawa har su riƙa baƙin hayaƙi sai an sake saita su.

Amma tudu ba ya sa mota rawa. Idan a Hawan Kibo ta riƙa fizga, ko tana tari kamar mai ya ƙare, laifi ne da ma yana ɓoye, hawan ne ya tona shi.

Me ya kamata in lura da shi kafin in je gareji?

Lokacin da abin ke faruwa. Da safe kawai, ya wuce idan ta yi zafi? Ko sai ta yi zafi yake farawa? A hawa ne, ko ko'ina? Ya fara ne bayan ka sha mai a wani wuri, ko bayan an wanke inji? Bakanike na ƙwarai zai fi jin daɗin wannan bayani fiye da "Oga, kawai dai ba ta jin daɗi."

Sai fitilar inji da ke gaban direba. Idan ta kama ta tsaya, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙiftawa, silinda ce take ƙin kamawa sosai, ɗanyen mai yana zuba cikin salansa, kuma kowace tafiya ƙara ɓarna ce. Kada a cire kan batir don fitilar ta mutu, domin yin haka yana iya goge bayanin da kwamfutar mota ta ajiye. Wani abu kuma ga mai sayen mota: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole fitilar nan ta kama. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila an cire ƙwan ko an liƙe shi.

Kuɗin sa kwamfuta ba asara ba ne?

Asarar tana wajen sayen kaya da ka. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga wajen 2001, suna da mahaɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar bincike ta fitar da lambobin matsala. P0301 yana nufin silinda ta ɗaya tana misin, wato tana ƙin kamawa, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuma misin ɗin ba a wuri ɗaya yake ba. P0171 yana nufin iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. P0420 yana nuni ga matatar hayaƙi.

Sai dai lambar tana faɗin inda ciwo ya bayyana ne, ba ta faɗin abin da za a saya. Wanda ya ga P0171 nan take ya tura ka Dilimi sayen sensa, bai gama aikinsa ba. Ka nemi a rubuta maka lambobin a takarda kafin a goge.

An ce koyil ne. Ta yaya zan tabbatar?

Gwajin ba ya cin ko sisi. A ce kwamfuta ta nuna P0302 a mota mai koyil ɗaya kan kowane filogi. A kwance koyil na biyu a kai shi silinda ta uku, na uku ya dawo ta biyu, a goge lambar, a zaga da mota. Idan ta dawo P0303, ciwon ya bi koyil, shi ne mai laifi, kuma shi kaɗai za ka saya. Idan ta tsaya a P0302, a yi wa filogi irin wannan musaya. Idan har yanzu tana nan, sai a koma kan nozul, wato mai fesa wa silinda fetur, da matsin silindar.

Da an zaro filogi, karɓe shi ka duba da idonka. Idan bakin filogin ruwan toka ne ko ƙasa-ƙasa, lafiya ne. Baƙi busasshe mai toka, mai ya yi yawa. Baƙi mai danshi da maiƙo, baƙin mai yana shiga silinda. Idan kuma ramin filogin ne ya cika da baƙin mai har ya jiƙa robar koyil, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo, kuma idan ba a gyara shi ba sabon koyil ɗin ma ba zai daɗe ba. A kula da filogin jabu, sun cika kasuwa a kwali mai kyau.

Filogi da koyil sababbi ne, amma har yanzu tana rawa.

To a koma kan iska. Inji yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a nauyi, kuma a motoci da yawa kwamfuta tana auna iskar ne ta sensar da ke bayan matatar iska. Duk iskar da ta saci hanya ta shiga ta tsagaggen tiyo, ba a lissafa da ita ba. A silo aka fi jin wannan, don iskar da ake buƙata lokacin kaɗan ce. Matsa babban tiyon roba da ke zuwa totur, ka leƙa cikin lanƙwasarsa, nan yake tsagewa. Kasa kunne ka ji ko akwai ƙarar tsotsa.

Masu Corolla ta 2003 zuwa 2008 su riƙe wannan: gasket ɗin bututun iskarta ya yi suna wajen ƙanƙancewa da sanyi, ta yi rawa da safe, ta ba da P0171, ta daidaita da rana. A garin da ake kwana da bargo biyu, ba abin mamaki ba ne.

Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, ta ɓata sensa, ta taru a bakin totur. A wanke sensar da ruwan feshin da aka yi dominta, kada a goga mata tsumma ko a tsoma ta a fetur. Wasu motocin, bayan wanke totur, sai an sake koya wa kwamfuta silo.

Mai fa?

Alamar ƙarancin mai ita ce mota ta yi lafiya a fili, ta shaƙe a hawa ko wajen wuce tirela. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa muna yawo da fitilar mai a kunne, alhali famfon yana cikin tanki ne kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Ga dattin ƙasan tanki, ga man 'yan bumburutu da ba ka san me aka haɗa masa ba. Ko a gidan mai ba a tsira ba, kowa ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya lalata motoci a farkon 2022. Kafin a canza famfo, a ɗaura ma'auni a ga matsinsa. Jin ƙararsa ba hujja ba ce cewa yana tura mai yadda ya kamata.

Bakanike ya ce a fasa indomi a zubar.

Matatar hayaƙin da kanikawa ke kira haka tana toshewa da gaske, kuma idan ta toshe mota ba ta wuce wani gudu komai takunka, tana ƙara muni idan ta yi zafi. Amma ba ta toshewa haka kawai, misin ko cin baƙin mai ne ke kashe ta. A tabbatar tukuna: a kwance sensar da ke gabanta na ɗan lokaci, idan ƙarfi ya dawo, ita ce. Ka kuma sani cewa abin da ke cikinta yana da masu saye da tsada, shi ya sa wasu ke saurin ba da wannan shawara. Idan an cire, naka ne.

Haka ma a guji shawarar cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye. A Jos wannan yana hana inji kai zafin da ya kamata, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, silo ya lalace.

Yaushe ne maganar sauke inji take zama gaskiya?

Bayan an auna matsin kowace silinda, a gabanka. Ana cire filogi duka, a ɗaura ma'auni a rami ɗaya bayan ɗaya, a buga sitata. Lambobin su kasance kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Idan ɗaya ta faɗi, a zuba mata ɗan baƙin mai kamar cokali a sake aunawa: matsi ya tashi, ringi ne, bai motsa ba, a nemi bawul ko gasket. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, ga farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wannan gasket ɗin kan inji ne, kuma kan injin kawai za a buɗe. Shuɗin hayaƙi da cin baƙin mai, tare da ƙarancin matsi a dukkan silindodi, shi ne inda za ka zauna da bakanike ku yi lissafin gyara ko sayen wani injin.